Inci Arba'in da Bakwai

Kafin in ce komai, ke baiwar Allah da kika rubuto min makon jiya kika ce ni 'yar gata ce mai kukan daɗi, na ga saƙonki, kuma ban goge ba. Ki gyara zama. Yau da hannuna zan miƙa miki bulalar da za ki zane ni.

Ga waɗanda yau suka fara leƙowa: ni ce auta a gidanmu, ina aiki a shagon sayar da tabarau, saura wata biyu aurena. Wanda zan aura malamin lissafi ne a sakandare. Jan Biro na sa masa a wayata, saboda ban taɓa ganinsa babu jan biro a aljihun gaban rigarsa ba, kuma babu abin da zai gifta ta gabansa bai ba shi maki ba. Shayi, direban tasi, yanayin gari, duk suna da maki. Ni kaina tara bisa goma na ci ranar da muka fara haɗuwa. Da na tambayi inda ɗayan ya tafi, ya ce na yi lattin minti goma sha biyu.

To bawan Allahn nan ƙarfinsa na muhalli ɗaya ne, sai dillali ya kawo masa biyu. Na farko gida ne a sabon rukunin gidaje a gefen gari, mai katanga da get da maigadi, minti ashirin daga gidanmu. Na biyu gona ce eka biyar da tsohon gida a tsakiyarta, tafiyar awa ɗaya da rabi, rabin hanyar kuma babu kwalta. Dillali ya ce ranar Juma'a da safe yake son amsa, akwai masu jira.

Kowa ya ɗauka ruwa da wuta da makarantar yara nake dubawa. Ƙarya ne. Abu ɗaya nake dubawa: a cikin biyun nan, wanne ne Umma ba za ta iya samuna ba?

Ku tsaya, kada ku fara tsine min tukuna. Umma tela ce, tef ɗin awo ba ya barin wuyanta. Tun da Abba ya rasu shekara huɗu ke nan, Yaya Babba tana can gidan mijinta a wata uwa duniya, yayana namiji aiki ya yi nisa da shi, gidan ya rage daga ni sai ita sai keken ɗinkinta, baƙi na takawa, wanda ya girme ni. Tun asuba yake fara ƙara a jikin bangon ɗakina. In na fita aiki kuma waya ta karɓe shi. Sau goma sha ɗaya a rana, na ƙirga. "Kin isa?" "Kin ci abinci?" "Ina kika ajiye min almakashi?" Almakashin yana hannunta. Ran nan ina tsaka da gwada wa wani dattijo tabarau ta kira ta ce ta ga ƙuguna ya ragu da inci ɗaya, wa ya ɓata min rai? Shekarata ashirin da shida ban taɓa sa rigar kanti ba. Ina sonta, Allah ya sani. Amma na gaji, ina so in ja numfashi ko sau ɗaya ba tare da an auna ƙirjina ba.

Ranar Asabar muka je ganin gidan get. Na sa doguwar rigata ruwan toka mai ƙananan maɓallai har wuya, mayafi ruwan hoda, da takalmi mai tsini da nake ajiye wa manyan ranaku. Ina fitowa na tarar Umma ta riga ni shiga motar Jan Biro, ta kame a baya da jakarta a cinya. Babu wanda ya gayyace ta.

"Umma, ina za ki?"

"Labule zan auna. Ko da jarida za ku rufe tagogin?"

Jan Biro ya sunkuyar da kai ya ce, "Ai kun kyauta, Umma." Na harare shi, ya yi kamar madubi yake gyarawa.

A bakin get maigadi ya tare mu da tafin hannu. Sai da lamba. Dillali ya manta bai turo ba, muka yi minti ashirin da biyar a rana muna jira. Maigadin mutumin kirki ne, ya jingina da motar yana mana bayani: duk baƙo sai mai gida ya turo masa lamba ta waya, lambar tana mutuwa bayan awa huɗu, kuma baƙi huɗu ne iyaka a rana.

Umma ta leƙo ta taga. "Ko da uwar mutum ce?"

"Ko da uwar shugaban kwamiti ce, Hajiya. Shekaranjiya a kan bencin can ta wuni, ɗan nata yana taro ya kashe waya."

Jama'a, a cikin takalmi yatsun ƙafata rawar murna suke.

Ciki kuwa gidaje ne sittin, iri ɗaya, fenti ɗaya, har fulawar bakin ƙofa iri ɗaya. Dillali ya iso yana haki, ya ja mu ya buɗe ƙofa da alfahari, sai ga wani mutum da singileti yana guga a falo. Ko mamaki bai yi ba. Da dutsen gugar ya nuna mana ya ce, "Na gaba."

Gidan ba laifi, tayil yana sheƙi, famfo yana kawo ruwa, kicin ɗin kamar na talla. A bayan ƙofar kicin an manna dokoki talatin da huɗu. Ba a shanya inda maƙwabci zai gani. Ba a kiwon komai sai kifi. Ciyawar gaban gida kada ta wuce inci uku. Nan take Umma ta fita ta tsuguna ta auna, ta dawo ta gaya wa dillali uku da rabi ce, ya je ya kai ƙarar kansa. Sannan ta ci gaba da bin dokokin da yatsa. A ta goma sha ɗaya yatsan ya tsaya: an hana duk wata sana'a mai ƙara a cikin gida. Ta ɗan jima a wurin, sannan ta wuce ta goma sha biyu.

Shi kuwa Jan Biro yana tsakar gida ta baya ya cire takalmi. Kun san yana da 'ya'ya huɗu? Ba a haife su ba, amma suna cikin takardarsa: Na Ɗaya, Na Biyu, Na Uku, Na Huɗu. Na Uku ne mai ƙiriniya, don haka da shi ake gwada fili. Ya ja baya ya jingina da ƙofa, ya zuba da gudu. Taku shida ya ci karo da katanga da tafukan hannu biyu.

"Wurin gudu, biyu bisa goma," ya ce yana rubutawa. "Yaron nan zai fasa goshi kafin ya shiga aji ɗaya."

"Malam, in kuma mace ce?"

"Za ta fasa goshi."

Na shiga neman Umma na same ta a ƙaramin ɗakin baya, a tsugune, tana jan tef a ƙasa ta jikin bango. Tagar ɗakin bangon maƙwabci take kallo, in ka miƙa hannu za ka taɓa shi. Ta rubuta wani abu a guntun kwali ta cusa a jaka. A hanyar komawa ta ce wannan ba gida ba ne, akwatin ashana ne aka sa wa maigadi.

Ranar Lahadi muka nufi gona. Ba zan ba ku labarin hanyar ba, abin da zan ce kawai shi ne na bar gida da ɗan kunne biyu na isa da ɗaya. Mai gonar wani tsoho ne dogo mai fara'a, ya ce 'yarsa ce ta matsa sai ya koma wurinta cikin gari, gwiwoyi sun gama aiki. Umma ta ce, "Allah ya yi mata albarka." Har sau biyu ta faɗa.

Tsohon yana da sharaɗi ɗaya. Duk wanda ya sayi gonar, da Sajan ya saya. Muna cikin tambayar wane ne Sajan sai ga shi ya zagayo daga bayan rumbu: talo-talo, ƙato, tsayinsa ya kai ƙuguna, yana tafiya yana jan fiffike a ƙasa.

"Ba ya taɓa kowa," in ji tsoho. "Jan abu ne kawai ba ya so."

Dukkanmu muka juya muka kalli aljihun Jan Biro. Shi kaɗai ne bai ji ba, ya riga ya cire takalmi zai gwada wa Na Uku fili. Ya zuba da gudu cikin ciyawa, muna ganin kansa, muna ganin hularsa, har muka daina ganin komai. Sajan ya ɗan yi tunani, sannan ya bi sawu. Bayan kamar minti uku sai ga malamin lissafi ya ɓullo ta wani gefen daban, babu hula, talo-talo yana bin dugadugansa, shi kuma bakinsa bai daina ƙirga ba.

"Ɗari biyu da sha uku! Ɗari biyu da sha huɗu! Goma bisa goma! Auta, buɗe min mota!"

"Jefar da biron!"

"Ina! Sabo ne!"

A cikin mota ya ƙarasa duba gonar, ta gilashi, Sajan yana sintiri a gefen taya.

Gaskiya wurin ya yi min kyau, kuma ban yi tsammani ba. Bangon gidan mai kauri ne, ciki da sanyi ko babu fanka. Bishiyar mangwaro uku a tsakar gida, rijiya da tanki a kan doguwar hasumiyar ƙarfe a jikin gidan. Umma kuwa kamar an rage mata shekara goma. Ta tuɓe takalmi, ta murza ƙasa a hannu, ta yi wa tsoho tambayoyi a kan kaji, sannan ta shige cikin gidan da tef ɗinta. Ni kuma na duba wayata na ga babu sabis ko ɗigo.

"Baba, nan ba a waya ne?"

"Ana yi mana. Saman tanki. Matakala goma sha huɗu, ki fuskanci gabas, ki ɗaga hannun hagu. Na ɗaure kujera a can."

Wallahi akwai kujerar, ta roba, an ɗaure ta da igiya. Na cire mai tsini, na ɗaura mayafi a ƙugu, na hau. Ina zama saƙonni arba'in da uku suka zubo daga guruf ɗin gidanmu, sai kuma ga kiran Yaya Babba. Iska tana kaɗawa a saman nan, ba ta jina sosai.

"Yaya, na samu! Nan ne!"

"Me? Ɗaga murya!"

"Na ce nan ne! Babu sabis! Ko Umma ta kira sau ɗari ba za ta same ni ba!"

"Wa ba zai same ki ba?"

"UMMA! BA ZA TA SAME NI BA! ZAN HUTA!"

Na sauko ina jin kaina sakayau. A gindin hasumiyar akwai wata taga a buɗe, na gan ta da idona, na ma jingina da ita na sa takalmi. Mai sayar da tabarau ke nan. Jim kaɗan Umma ta fito tana naɗe tef a yatsu biyu, ta yi wa tsoho sallama da kyau, ta shiga mota. Sai da muka hau kwalta ta yi magana.

"Gidan get ɗin ya fi."

Na waiga. "Akwatin ashanan?"

"Shi. Ya fi."

Daga ranar Litinin Umma ta buɗe yaƙi. A guruf ta fara turo bidiyon maciji a cikin takalmi, maciji a cikin tukunya, maciji a bayan gida. Yaya Babba, wadda na faɗa wa sirrina a saman tanki, ta koma ɓangarenta ta ce ita ba za ta kawo 'ya'yanta hutu inda tsuntsu ke korar malamai ba. Yayana namiji ya ce gona, don yana son inda zai haƙa tafkin kifi, aka tambaye shi wa ya ba shi fili, ya fita daga guruf, aka mayar da shi. A gida kuwa ko gishiri na ce ta miƙo min sai ta ce a gidan get shago yana nan kusa. Na ce a raina, na gane ki, so kike in zauna minti ashirin daga bakin kekenki.

Abu ɗaya ne ya ɗaure min kai. Wayata ta yi shiru. Litinin har azahar babu "kin isa?" Na kashe na kunna. Na sa abokiyar aikina ta kira ni don in ji ko tana ƙara, ta yi ƙara lafiya lau. Talata ma haka. Abin da na shekara huɗu ina roƙo ya samu, ni kuma na wuni ina leƙa waya kamar mai jiran sakamakon asibiti. Na ce wannan ma wata dabara ce.

Ranar Laraba Jan Biro ya turo hoton takardarsa, layi-layi da jan biro.

*Jan Biro: Gidan get 63. Gona 63.*

*Ni: Kamar ya?*

*Jan Biro: Canjaras. Na sake sau uku. Asibiti da hanya sun ja gona ƙasa, wurin gudu ya ɗaga ta. Sajan na cire masa biyar.*

*Ni: To yanzu fa?*

*Jan Biro: Ke ce raba gardama. Duk wanda kika ce, shi ne daidai. Ba na yawan faɗin haka.*

Ranar Alhamis da yamma na dawo daga aiki, ban ko cire mayafi ba Umma ta fara, wai ta ji labarin wata mata da kunama ta harba a gona, kafin a kai ta asibiti ƙafar ta zama turmi. Raina ya ɓaci. A gabanta na ciro waya na rubuta kalma ɗaya.

*Ni: GONA.*

*Jan Biro: An karɓa. Dalili?*

*Ni: Iska.*

*Jan Biro: Amsa gajera, amma ta ci.*

Juma'a da safe ya sa hannu, ya turo min hoton takardar da babban yatsansa a gefe. Na yi ta jiran in ji farin ciki, bai zo ba.

Da yamma na dawo na tarar Umma ta fita sayen zare. Maɓalli ɗaya ya cire a rigata, na jawo ƙaramar durowar keken ina neman allura, sai ga guntun kwalin nan. Layi biyu ne da rubutunta mai karkata.

*Na get: 41. Taga ba haske. Doka ta 11.*

*Gona: 52. Taga hannun hagu. Ya shiga.*

Layi na biyun an soke shi da biro, an danna har kwalin ya huje.

Na tsaya da kwalin a hannu. Ni 'yar tela ce, na san ba a auna labule a ƙasa ta jikin bango. Mene ne ya shiga? Na duba ɗakin, gado, durowa, tebur ɗin yanka. Sannan na ɗauko tsohon tef da ke rataye a ƙusa, na ɗora a kan teburin keken daga wannan baki zuwa wancan. Inci arba'in da bakwai. Hasken taga kuma ta hannun hagu yake sauka a kan allurar, kamar yadda take so tun ina yarinya.

"Me kike yi min da keke?"

Tana bakin ƙofa da leda a hannu. Na ɗaga kwalin.

"Umma, wannan ba awon labule ba ne."

"Yau kuma laifi ne tela ta auna abu? Hannu ne ya saba. Ko a asibiti sai na auna gado."

"Keken bai shiga gidan get ba. Sun ma hana. Me ya sa kike ta tura ni can?"

Ta zauna a kujerarta, ta ciro sabon zare, ta lasa bakinsa ta nufi allura. Ta kuskure. Ta sake, ta kuskure. Shekara biyu ina roƙonta ta zo shago a gwada mata tabarau tana cewa idonta ras yake. A karo na uku ta ajiye zaren a cinya.

"Tankin nan a kan tagar yake, Auta. Muryarki kuma ta Abbanki ce, ba ta san rufi ba."

Ashe duk ihun da na yi wa Yaya Babba a saman tanki a kunnenta ya sauka.

"Umma, ba haka nake nufi..."

"Haka kike nufi, kuma ban ga laifinki ba. Na dame ki, na sani. In na ajiye waya sai gidan ya yi min girma, shi ke nan." Ta shafa teburin keken. "Amma in guduna kike, ba sai kin kai kanki inda asibiti yake da nisan awa guda ba. Wata rana da ciki za ki kasance, a kan hanyar nan da ta cinye miki ɗan kunne. Gidan get ɗin ya ishe ki. Kada ki turo min lambar, magana ta ƙare. Ni ba mai tsallake katanga ba ce."

Baiwar Allah mai sharhi, ga bulalar, bismillah. Kwana biyar ina zaton uwata tana ja na kusa da ita, ashe katangar da ta fi lafiya take zaɓar min in ɓuya mata a baya. Ban taɓa jin kunyar kaina irin ta ranar ba. Na durƙusa na ɗauki zaren na zura mata a allura, ni ma sai a karo na biyu.

"An riga an sa hannu, Umma. Gona ce."

"To Allah ya sanya alheri," ta ce, ta ɗora ƙafa a kan keke. Ƙararsa ta rufe duk abin da nake shirin cewa.

Na san halin Umma. In na ce ta zo mu tafi tare, za ta ce ita ba kaya ba ce da za a ɗora a mota. In na yi kuka za ta auna min fuska ta ce na kumbura. Kuma kada in yi muku ƙarya, ba wai na daina son shan iska ba ne. Amma na zauna na yi irin lissafin Jan Biro: mutum ɗaya ne a duniya ba ya kiranka sau goma sha ɗaya a waya, shi ne wanda yake ɗakin gefe a gidan da babu sabis. Eka biyar ce. In ta fara neman almakashi, in bi hanyar Na Uku.

Ranar Asabar da safe ta fita kai wa wata mata ɗinki. Na buɗe cikin keken na zaro ƙoshiya, ɗan ƙarfen nan da ke riƙe zaren ƙasa, wanda in babu shi keke ba ya ɗinka ko taku ɗaya. Irin na da ne, an daina yinsa, Umma ta fi tsaronsa a kan sarƙarta ta zinariya. Na naɗe a hankici. Jan Biro ya biyo zai je karɓar makullai, ya sauya biro zuwa shuɗi saboda Sajan, duk ya zama wani iri kamar ba shi ba.

"Ƙaramin ɗakin da ke gindin tanki," na ce. "Ka ajiye wannan a kan taga."

"Mene ne?"

"Ka dai ajiye, Malam."

Wajen sha ɗaya da rabi hoto ya shigo, ƙoshiya a kan taga, rana tana dukanta. Daga saman tanki ya turo, don a hoto na biyu ina hango Sajan a gindin matakala yana jira.

*Jan Biro: Na ajiye. Na san ko mene ne, na tambayi Baba mai gona. Amma a takardata ɗakin nan na Na Uku da Na Huɗu ne.*

*Ni: Ba a haife su ba. Ita an haife ta.*

Sai na ga *yana rubutu*. Ya tsaya. *Yana rubutu*. Ya tsaya. Mutumin da ke ba gajimare maki cikin daƙiƙa biyu, yau ya kasa haɗa jimla. Ban sani ba ko iska ce ta juya, ko shi ne. Ban taɓa tambayarsa ko zai iya zama da surukarsa ba.

Ina riƙe da wayar Umma ta dawo. Ta sha ruwa, ta rataya mayafi, ta zauna a keke ta taka. Allura ta yi ta hawa da sauka a banza. Ta leƙa ƙasa. Ta jawo durowa, ta zazzage kwandon ƙyallaye, ta ɗaga kujera.

"Auta! Ina ƙoshiyata?"

"Tana gona."

"Tana ina?"

"Gona, Umma. Kan taga, hannun hagu."

Ta juyo ta dube ni. Na shirya wa faɗa, na shirya wa tsinuwa, har hanyar ƙofa na duba. Sannan ta zare tef daga wuyanta, ta naɗe shi a yatsu biyu a hankali, idonta a kan keken.

"Ban ce zan je ba," ta ce. "Amma ki gaya wa malamin naki, ƙofar ɗakin inci ashirin da takwas ce, kuma akwai kwana a soron. Sai an kwance ƙafafun."